Wa Ke da Alhakin Ɗumin Ɗaki? Tarihin Sanyi a Gidajen Hayar Ingila

A shekarar 1863 wani babban alƙalin Ingila, William Erle, ya faɗi wata magana a shari'ar Robbins da Jones wadda ta daɗe tana cin 'yan haya. Ya ce muddin ba a yi yaudara ba, babu dokar da ta hana mutum ba da hayar gidan da ke shirin rushewa. Kai ka ga gidan da idonka, kai ka ce kana so, to abin da ya same ka a ciki ruwanka. Haka kotuna suka riƙe har cikin ƙarni na 20. A 1906 wata mata, matar wani ɗan haya mai suna Cavalier, ta rufta ta daɓen katakon kicin da ya ruɓe, alhali wakilin mai gidan ya yi alƙawarin gyarawa. Kotun ƙoli ta lokacin ta ce ba ta da haƙƙin diyya, domin da mijinta aka ƙulla hayar, ba da ita ba.

A wancan zamani babu mai tambayar wa zai gyara abin ɗumama gida, domin babu abin da zai lalace. Mai gida ya gina murhu a jikin bango da hanyar fitar hayaƙi, shi ke nan nasa ya ƙare. Kwal kuwa ɗan haya ne zai saya, buhu-buhu in yana da hali, ɗan tsiyat in ba shi da shi. Wanda ya kwana cikin sanyi talaucinsa ne ya jawo masa, ba wanda zai kai ƙara. Iyali kan taru a ɗaki ɗaya mai wuta, ɗakunan kwana kuma a bar su yadda Allah Ya yi su, har raɓa ta daskare a gilashin taga ta ciki.

Majalisa ta ɗan motsa a 1885, ta ce gidan da aka ba ma'aikata haya dole ya zama wanda ɗan Adam zai iya zama a ciki. Amma ta ɗaure wannan kariya da kuɗin haya: sai gidan da hayarsa ba ta wuce wani adadi ba. A nan ne abin ya zama abin dariya. Adadin da aka tsayar a 1957 shi ne fam 80 a shekara a Landan, fam 52 a sauran wurare. A shekara fa, ba a wata ba. Ba a sake taɓa shi ba, haya ta yi ta hawa, har aka wayi gari dokar tana nan a rubuce amma da wuya ka sami gida ɗaya da ta shafa. Da aka tattara dokokin haya a 1985 sai aka kwafo waɗannan lambobi yadda suke, ba kunya.

Abin da ya sauya lissafi shi ne murhun kansa. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya rufe Landan na 'yan kwanaki, mutane dubbai suka mutu. Dokar tsabtace iska ta 1956 ta ba ƙananan hukumomi ikon hana ƙona kwal mai hayaƙi a unguwanni. Bayan haka aka gano iskar gas a Tekun Arewa, kuma daga 1967 zuwa 1977 aka bi gida-gida ana sauya na'urori don su yi aiki da ita. Sannu a hankali ɗumi ya tashi daga buhun da ɗan haya ke ɗaukowa a kafaɗa ya koma cikin tukunyar gas da ke kafe a bango, mai tura ruwan zafi ta bututu zuwa kowane ɗaki. Tukunyar ta mai gida ce. Ɗan haya ba shi ya saye ta ba, ba zai tafi da ita ba in ya tashi, ba shi da izinin kwance ta. Idan ta mutu a tsakiyar Janairu, wa za a kama?

Dokar gidaje ta 1961 ce ta amsa. Ta ce duk hayar da ba ta kai shekara bakwai ba, mai gida ne zai kula da ginin da rufinsa, da kayan ruwa da gas da lantarki da magudanai, da kuma na'urorin ɗumama ɗaki da na dafa ruwa, su kasance suna aiki yadda ya kamata. Kuma ba ya iya rubuta wa kansa mafita a takardar haya. Wannan tanadi shi ne yau aka sani da sashe na 11 na dokar 1985, lambar da duk wanda ya taɓa zama da matacciyar hita a Ingila ya haddace.

Lokacin ya zo daidai da zamanin Peter Rachman, mai gidajen hayar Notting Hill da ya yi ƙaurin suna wajen cusa baƙi daga tsibiran Karibiyan cikin ruɓaɓɓun ɗakuna. Da yawa daga baƙin wancan lokaci da hitar kananzir suka yi ta fama, mai wari, mai jiƙa bango, mai tayar da gobara.

Sai dai lauyoyi ba su rasa ƙofa a dokar ta 1961 ba, har biyu. Ta farko, alhakin gyara ba ya hawa kan mai gida sai ya san abu ya lalace. Kotun ƙoli ta tabbatar da haka a 1973 a shari'ar O'Brien da Robinson, inda silin ya faɗo wa mata da miji suna kwance. Bayan sanarwar ma, abin da doka ta ba shi shi ne lokacin da ya dace, ba tare da ta faɗi kwana nawa ba. Ta biyun ta fi muni. Dokar ta ce a gyara abin da ya lalace, ba ta ce a samar da ɗumi ba. A 1985 wani mutum mai suna Quick ya kai ƙarar ƙaramar hukumar Taff-Ely a Wales. Gidansa na zufa ta ko'ina, tagogin ƙarfe na tsiyayar da raɓa, fumfuna ta cinye kayan ɗaki da shimfiɗu. Kotun ɗaukaka ƙara ta yarda gidan ya kusan gagarar zama, amma ta ce tun farko haka aka gina shi, don haka babu abin da ya lalace balle a tilasta gyara. Ni a ganina babu hukuncin da ya tona asirin wannan doka kamar wannan. Mutum na rawar ɗari a gabanka, kai kana duba ko ƙusa ta fita.

Na zauna a irin waɗannan gidaje a arewacin Ingila lokacin karatu, na kuma ga yadda 'yan uwanmu sababbin zuwa ke yi. Hunturunmu na gida sanyin asuba ne, rana na ɗagowa a tuɓe rigar sanyi. Can kuwa bango ne ke riƙe sanyi wata da watanni. Tukunya ta mutu, sai mutum ya kira wakilin mai gida a waya, a ce masa ana zuwa, ya yi ta haƙuri irin namu, ya sayi ƙaramar hitar lantarki da ke cinye masa kuɗin abinci. Kunya ce wani lokaci, amma galibi tsoro ne. A lokacin, a ƙarƙashin dokar 1988, mai gida na iya ba ɗan haya takardar tashi ta wata biyu ba tare da faɗin dalili ba, kowa kuma ya san wanda ya cika ƙorafi shi ake fara miƙa wa. Wasu kuma sukan fusata su riƙe kuɗin haya, wanda shi ne babban kuskure, domin bashin haya hujja ce ta korar mutum. Tsofaffin zama sukan ce wa baƙo: rubuta, ka sa kwanan wata, ka ajiye kwafi.

Hukumar gyaran dokoki ta ba da shawarar cire wancan tsohon adadin haya tun 1996, aka yi biris. 'Yar majalisa Karen Buck ta kawo ƙudiri a 2015 bai wuce ba. A Janairun 2016 aka sake gwadawa, aka kayar da shi da ƙuri'a 312 a kan 219, kuma fiye da 70 daga cikin waɗanda suka ƙi su ma masu gidajen haya ne. Sai bayan gobarar benen Grenfell a Landan a 2017 aka sauko. Dokar 2018, wadda ta fara aiki a Maris 2019, ta ba ɗan haya ikon kai mai gida kotu da kansa idan gida bai dace da zama ba, tsananin sanyi kuwa yana cikin abubuwan da ake dubawa.

Duk da haka, a Disambar 2020 yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Rochdale saboda fumfunar da ya daɗe yana shaƙa a gidansu. Mahaifinsa ya kai kuka tun 2017, aka ce masa ya shafa fenti a kai. Dokar da aka sa wa sunan yaron ta fara aiki ranar 27 ga Oktoba 2025, ta kuma sa wa gyara wa'adi a lissafe: haɗarin gaggawa cikin awa 24, binciken danshi da fumfuna cikin kwanakin aiki 10. A wannan mataki gidajen ƙananan hukumomi da na ƙungiyoyin samar da gidaje kaɗai ta shafa. Faɗaɗa ta zuwa gidajen 'yan kasuwa, inda yawancin ɗalibai da baƙi ke zaune, an ba gwamnati ikonsa a wata dokar ta daban da aka sa wa hannu a watan na Oktoba.