Daga waken Kalaba zuwa kurkum: tarihin neman maganin mantuwar tsufa

Mai karatu, idan kana da dattijo a gida wanda ya fara manta sunayen jikokinsa, ko yake ta tambaya ko an yi azahar alhali yanzu ya sallame, na san an riga an ba ka shawarar kurkum. Daga kasuwar Birnin Kebbi har Argungu za ka ji ana cewa yana sa kumburin ƙwaƙwalwa ya sace. Kafin ka zuba kuɗinka, ga tarihin wani tsiro na ƙasar nan da ya riga shi shiga wannan fage.

Mutanen Efik na Kalaba suna da wani wake mai guba, esere, da a da ake ɗura wa wanda ake zargi da maita. In ya amayar, ya kuɓuta. In ya mutu, sai a ce laifi ya tabbata. Wani likita a Edinbura, Robert Christison, ya tauna guntunsa don gwaji, da ƙyar ya sha. A 1864 aka tace sinadarin da ke cikinsa, fisostigmin.

Sai a 1976 masana suka gano cewa masu cutar Alzaima suna da ƙarancin asetilkolin, sinadarin da ke kai saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma aikin gubar waken nan shi ne hana shi saurin lalacewa. A kan tsarinta aka ƙera ribastigmin, wanda Amurka ta amince da shi a 2000. Shekara 136 ke nan ana awo da gwaji, kuma ko shi ba ya warkarwa, sassauci yake kawowa na wani lokaci. Har yau amai ne babban ƙorafin masu shansa, kai ka ce gado ya yi daga Kalaba.

Batun kumburi gaskiya ne, ana ganin alamunsa a ƙwaƙwalwar masu cutar, kuma a 2001 sinadarin kurkum ya rage shi a jikin ɓeraye. Amma da aka gwada a kan majinyata a Hong Kong a 2008 da Kalifoniya a 2012, tunaninsu bai gyaru ba. Kaɗan ƙwarai hanji ke tsotsa daga cikinsa.

Kurkum a miya ba shi da laifi. Kafso mai ƙarfi kuwa na iya taɓa hanta, ya kuma jawo zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin. Ranar ganin likita, ka zo da kowane ƙulli da kwalba da Baba ke sha, mu duba su tare da katinsa.