Rumbun Tsimin Ƙasar Kuwait

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai, ina so in kawo ɗan tarihin asusun ajiyar ƙasa, wato kuɗin da gwamnati kan ware daga arzikinta ta juya a kasuwannin duniya saboda gobe. Na kama aikin gwamnati a 2015, daidai lokacin da farashin mai ya faɗi, muka yi wata huɗu ba albashi. Tambaya ɗaya kowa ke yi a ofis: ina kuɗin shekarun da ganga ta haura dala 100? Neman amsa ne ya kai ni ga labarin Kuwait.

Kafin zuwan mai, da nutso a teku neman lu'ulu'u mutanen Kuwait ke ci. Wajen 1930 sai Japanawa suka cika kasuwa da lu'ulu'un kiwo mai araha, sana'ar ta mutu, talauci ya rufe gari. An gano mai a Burgan cikin 1938, aka fara fitar da shi a 1946. To, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen da suka ga arziki ɗaya ya mutu a gabansu sun san na biyun ma yana iya mutuwa. Saboda haka a 1953, shekara takwas kafin samun mulkin kai, Sarki Abdullah Al-Salim ya kafa hukumar zuba jari a Landan. Wannan shi ne asusun ajiyar ƙasa na farko a duniya.

A 1976 suka ƙara ɗaure abin da doka: kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati, kowace shekara, sai a zuba shi a asusun 'yan baya. Kuma ba a jibge kuɗin ake yi ba. Sun sayi hannun jari a kamfanin Daimler-Benz na Jamus tun 1974, kuma a 1988 jarinsu a kamfanin mai na BP ya wuce kashi 20, har gwamnatin Ingila ta tilasta musu rage shi zuwa ƙasa da kashi 10.

Ranar wanka ta zo a 2 ga Agusta, 1990, da sojojin Iraƙi suka mamaye ƙasar. Sarki Jabir Al-Ahmad da ministocinsa suka yi hijira zuwa Ɗa'ifa a Saudiyya. Ga gwamnati ba ƙasa, ba rijiyar mai ko ɗaya a hannunta, amma ba ta yi bara ba. Ofishin nan na Landan ya zama baitulmali. Daga can ake biyan 'yan gudun hijira kuɗin abinci da haya. Kuwait ta ba Amurka kimanin dala miliyan dubu 16 na kuɗin yaƙi. Bayan an kori Iraƙi a Fabrairun 1991, an tarar da rijiyoyi fiye da 600 suna ci da wuta, ba a kashe ta ƙarshe ba sai Nuwamba. Da ajiyar nan aka sake gina ƙasa.

Kada a ɗauka ɓera bai taɓa shiga rumbun ba. A 1992 kamfanin Torras na Sifen, wanda Kuwait ta zuba wa dukiya, ya durƙushe, aka yi asarar dubban miliyoyin daloli, maganar ta kai kotu. A 2020 kuma aka sassauta dokar kashi 10, sai shekarar da aka sami rara. Duk da haka asusun ya rayu, har a 2008, da manyan bankunan Amurka irin su Citigroup suka shiga uku, Kuwait na cikin waɗanda suka ba su jari. Norwe ta bi wannan hanya a 1990, ta zuba kuɗin farko a 1996, ya zuwa 2017 asusunta ya haura dala tiriliyan 1.

Mu ma yaƙin nan na 1990 ya shafe mu, domin ya ɗaga farashin manmu. A 1994 kwamitin Dokta Pius Okigbo ya ba da rahoton cewa dala miliyan dubu 12.4 sun bi ta wasu asusu na musamman tun daga 1988, kuma kusan duk an kashe. An buɗe asusun rarar mai a 2004, ya kai kimanin dala miliyan dubu 20 a 2008, amma da yake babu dokar da ta tsare shi, sai aka riƙa rabawa har ya kusa ƙarewa. Sai a 2011 aka yi dokar asusun ajiyar ƙasa, aka fara da dala miliyan dubu 1.

Nan na sami amsar tambayarmu ta ofis. Ba rashin samu ya hana mu albashi ba, rashin dokar da ke riƙe hannun mai ɗiba ne. A cikinmu yau akwai 'yan majalisa da daraktoci da akantoci. In maganar rabon rara ta zo teburinku, don Allah ku tuna da ofishin nan na Landan.