Tallafin Tsaron Wuraren Ibada a Amurka: Wa Kuɗin Ke Isa Gare Shi?

Tun shekarar 2005 gwamnatin tarayyar Amurka take ware kuɗi domin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba waɗanda ake fargabar masu tsattsauran ra'ayi za su kai wa hari: majami'un Yahudawa, masallatai, coci-coci, makarantun addini da cibiyoyin al'umma. Hukumar FEMA, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida, ita ce ke riƙe da shirin, wanda aka fi sani da NSGP. Da dala miliyan 25 aka fara. Kuɗin ya kai miliyan 60 a 2018, miliyan 180 a 2021, sannan miliyan 305 a 2023. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, shirin yana da hujja mai ƙarfi, amma yadda aka tsara rabonsa ya sa kuɗin ya fi bin wanda ya iya cike takarda a kan wanda haɗari ya fi kusa da shi.

Hujjar shirin ba ta buƙatar dogon bayani. An kashe mutum 6 a wurin ibadar mabiya addinin Sikh a Oak Creek a 2012, mutum 9 a cocin Emanuel da ke Charleston a 2015, da mutum 11 a majami'ar Tree of Life ta Pittsburgh a 2018. Kuma akwai shaidar cewa ƙarfe da horo suna ceton rai. A garin Halle na Jamus, cikin Oktoban 2019, wani ɗan bindiga ya yi ta harbin ƙofar majami'ar Yahudawa alhali masu ibada suna ciki suna kallonsa ta kyamarar tsaro, ƙofar ta ƙi buɗuwa. A Colleyville ta jihar Texas kuwa, a Janairun 2022, malamin majami'ar, wanda aka yi garkuwa da shi tare da wasu masu ibada, ya jefi maharin da kujera, suka ruga waje, daga baya ya ce horon da ya samu ne ya taimake shi. Sai dai labarin Halle yana da ƙarashe mai ɗaci: da ƙofar ta gagari maharin, sai ya harbe wata mata mai wucewa, ya kuma kashe wani matashi a shagon sayar da abinci. Ƙofa ta kare na ciki, ba ta rage ƙiyayyar da ke waje ba.

Matsalar tana cikin hanyar nema. Ƙungiya ba ta zuwa wurin FEMA kai tsaye. Sai ta bi ta hukumar jiharta. Dole ta samu lambar shaida daga tsarin gwamnatin tarayya, ta gabatar da rahoton binciken raunin gininta, ta kuma rubuta takardar hujja da ke bayyana barazanar da take fuskanta da abin da kowace kyamara, shinge ko ƙofa za ta magance. Ana ba takardun maki, mai maki da yawa ya samu, har zuwa dala dubu 150 ga gini ɗaya a 2023. A wannan shekarar abin da aka nema ya ninka abin da ake da shi fiye da sau biyu. Ga wanda ya dace ma, galibi sai ya kashe kuɗinsa tukuna, ya kai rasit, sannan a mayar masa.

A duba ƙananan masallatan 'yan Afirka ta Yamma a unguwar Bronx ta New York, inda Hausawa da 'yan zango ke sallah. Da yawansu shaguna ne aka yi haya aka shimfiɗa darduma, ƙofar gilashi tana kallon titi, 'yan kwamiti kuma ma'aikata ne da ke haɗuwa bayan Isha'i da abin da aka tara ranar Juma'a. Ina za su samo dala dubu hamsin su kashe su zauna jiran a biya su? Wa zai rubuta musu takardar hujja da Turancin ofis cikin 'yan makonni? Mai haya ma sai ya nemi yardar mai gida kafin ya taɓa bango.

Akan ce ƙungiyoyin Yahudawa ne suka daɗe suna samun kaso mafi tsoka, wasu kuma su kira hakan son kai. Ban yarda da wannan fassarar ba. Alƙaluman FBI sun daɗe suna nuna cewa Yahudawa ne aka fi kai wa farmakin ƙiyayya saboda addini a Amurka. Su ne kuma suka yi faɗi-tashin kafa shirin a majalisa, kuma tun 2004 suna da cibiyar tsaro ta kansu mai horar da majami'u da taya su nema. Da haƙƙinsu suka samu. Laifin na tsarin ne da ya ɗauka kowace al'umma tana da irin wannan gata.

Ga Musulmi akwai ƙarin cikas, wato rashin yarda. Bayan da kamfanin dillancin labarai na AP ya fallasa a 2011 cewa 'yan sandan New York sun shafe shekaru suna leƙen asirin masallatai, ba abin mamaki ba ne limami ya yi jinkirin miƙa wa ma'aikatar tsaro taswirar masallacinsa da jerin rauninsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Kare rai haƙƙi ne da ke kan hukuma, bai kamata a mayar da shi gasa ba. Birtaniya ta gwada wata hanya a shirinta na kare masallatai, inda kamfanin da Ma'aikatar Cikin Gida ta ɗauka yake zuwa ya duba wurin ya kafa kayan da kansa. FEMA na iya yin kusa da haka: ta tura masu binciken gini kyauta, ta biya ƙananan ƙungiyoyi kuɗin kafin aiki, ta kuma keɓe wani kaso ga waɗanda ba su taɓa samu ba.