Kopitiam: Yadda Kukun Bature Ya Zama Mai Gahawar Unguwa

A Singafo da biranen Malesiya irin su Ipoh da Penang, da wuya ka sami unguwar da ba ta da kopitiam, shagon gahawa mai teburan marmara inda ake karya kumallo tun da asuba. Asalinsa yana komawa ga wasu baƙi da suka iso a makare.

Bayan Stamford Raffles ya kafa wa Ingila sansanin ciniki a Singafo a 1819, mutanen kudancin Sin suka yi ta kwararowa. 'Yan Hokkien da Teochew da Kanton suka riga kowa, suka mamaye fatauci da sana'o'in hannu, kuma kowace ƙabila nata take ɗauka aiki. Da mutanen tsibirin Hainan suka iso da yawa a ƙarshen ƙarni na 19, sai suka tarar an gama rabo. Abin da ya rage shi ne aikin kuku da boyi a gidajen Turawa, da otal-otal, da jiragen ruwa. A can suka koyi gasa burodi da haɗa gahawa da madara.

Da suka tara ɗan jari, sai suka buɗe nasu. Shagon da ake kira Killiney a yau ya soma a 1919, Yut Kee na Kuala Lumpur kuma a 1928. Loi Ah Koon ya baro Hainan a 1926, ya yi yaron shago, daga baya rumfarsa ta zama Ya Kun a 1944.

Masu sayensu 'yan dako ne da leburori, don haka dole abin ya yi araha. Maimakon gahawar arabika mai tsada, sai suka koma ga robusta mai ɗaci, suna soya ta da sukari da bota har ta yi baƙi ƙirin. A zuba garin a matatar ƙyalle mai kama da safa, a kwarara tafasasshen ruwa, a tsiyaye a kan madarar gwangwani mai kauri, wadda zafin ƙasar ba ya lalatawa. A Ipoh da bota kaɗai ake soyawa, shi ya sa tasu ta fi haske. Jam ɗin Bature ma ya sami magaji: kaya, wanda ake dafawa da madarar kwakwa da ƙwai da sukari da ganyen pandan, a shafa a gasasshen burodi, a haɗa da ƙwai biyu masu ruwa-ruwa. Kamar teburin mai shayi a wajenmu, nan ake jin labarin gari da gardamar siyasa.

Amma abin da ya raya kopitiam shi ne tsarin hayarsa. Mai shago abin sha da gasasshen burodi da ƙwai kaɗai yake sayarwa, sauran kusurwoyin kuwa ya bayar da su haya ga masu abinci. Wannan na sayar da shinkafa da kaza irin ta Hainan, wancan Ba'indiye na murza roti prata, ga Bamalaye da nasi lemak. Mai ƙaramin jari ya sami inuwa da kujeru, mai shago kuma ya sami masu shan gahawa. Har yaren oda ya zama gauraye: kopi-o babu madara, kosong babu sukari, peng da ƙanƙara.

Bayan Singafo ta rabu da Malesiya a 1965, gwamnati ta juya kan masu abincin bakin titi saboda ƙazanta da cunkoso. Ta yi musu rajista a 1968 da 1969, sannan daga 1971 zuwa 1986 ta gina musu cibiyoyi masu famfo da magudanar ruwa. Hukumar gidaje ta HDB kuma ta riƙa ware wa shagunan gahawa wuri a ƙasan benayen da take ginawa, sai kopitiam ya bi jama'a zuwa sababbin unguwanni.

Da Starbucks ya shigo Singafo a 1996 da Malesiya a 1998, an zaci ƙarshe ya zo. Sai ga Ya Kun da Toast Box da OldTown sun kai tsohuwar gahawar cikin manyan kantuna masu na'urar sanyaya ɗaki. A Disamban 2020 kuma UNESCO ta sanya al'adar masu abincin rumfa ta Singafo cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam.

Barazanar yau daga gida take. A 2022 an sayar da wani shagon gahawa a unguwar Tampines a kan sama da dalar Singafo miliyan 41. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi a kan masu rumfa zai fanshe, su kuma su ɗora wa mai saye. Masu girkin sun tsufa, 'ya'yansu da suka yi boko ba sa sha'awar tashin asuba a gaban murhu. Idan haya ta fi ƙarfin mai ƙaramin jari, teburan marmara za su saura, amma leburan da aka kafa wurin dominsa zai nemi wani wajen karyawa.