Tsuntsayen Gona a Yankin Kasuwan Magani: Yadda Ake Gane Su da Ido

Da yawa daga cikinmu da ke zaune a Sabo Ibadan, Agege ko Fatakwal muna da gona a gida, muna aika kuɗin taki da na 'yan ƙwadago. In aka bugo waya aka ce "tsuntsu ya shiga gona", sai a rasa wane tsuntsu ake nufi. Wasu tsuntsayen ɓarna suke yi, wasu kuwa su ke cinye ƙwarin da ke lalata amfani. Ga kamannin waɗanda aka fi gani a gonakin masara, dawa, shinkafa da acca daga Kasuwan Magani a Ƙaramar Hukumar Kajuru har zuwa Kachia da Kafanchan.

Masu cin hatsi

Marai: Shi ne babban abokin faɗan mai shinkafa da dawa a wannan yanki. Namiji a damina kansa baƙi, jikinsa rawaya, idonsa ja. Macen ba ta da wannan ado, ruwan ɗorawa ce mai duhu-duhu. In ka ga sheƙoƙi na saƙa rataye birjik a bishiya guda ana ta hayaniya, to su ne.

Jan baki: Ƙarami ne, tsawonsa kamar santimita 12, jikinsa ruwan ƙasa, bakinsa ja. Alamarsa ita ce yawa, garken kan taso kamar hayaƙi. Ya fi addabar jihohin can Arewa irin su Yobe, Borno, Jigawa da Kebbi. Don haka in an ce an ga tsuntsu ashirin ko talatin a gona, kada a ɗaga hankali, galibi marai ne.

Mulufi: Namiji ja wur da baƙin ciki, yana ɗare kan kara ko ciyawar fadama. Da rani sai jan ya zube ya koma ruwan ƙasa, har a zaci wani tsuntsu ne daban.

Hasbiya da kurciya: Hasbiya ta fi girma, tana da jan fata kewaye da ido da fararen ɗigo a fiffike, kuma tana son giginya. Kurciya ƙarama ce, da baƙaƙen ɗigo a ƙirji. Yawanci abin da ya zube ƙasa suke tsinta.

Fakara da zabon daji: Fakara ruwan ƙasa ce mai zane-zane, da farar gira, ta fi son gudu da ƙafa a kan tashi. Zabo kowa ya san zanensa. Ɓarnarsu ta lokacin shuka ce, suna tone iri.

Masu taimakon manomi

Shamuwa: Baƙa, cikinta fari, fuskarta shuɗiya. Zuwanta alamar damina ta kusa, da rani kuma sai ta wuce kudancin Afirka. Fara da tsutsa ne abincinta.

Balbela: Fara fat, baki rawaya, tana bin shanu da garma tana cin ƙwarin da suka taso.

Ragon maza: Kai da doguwar wutsiya baƙaƙe, fiffike ja-ja, ƙirji fari, tashinsa da ƙyar. Yana cin fara da tsutsa a cikin duhuwa.

Cilakowa da burtu: Cilakowa na da dogon baki lanƙwasasshe da doguwar wutsiya. Burtu ƙato ne baƙi, yana takawa a ƙasa, yana cin macizai da ɓeraye.

Shirwa: Ana gane ta a sama da wutsiyarta mai baki biyu. Tana sure 'yan tsaki, gaskiya ne, amma tana cin ɓera da fara.

Ungulu: Kanta ba gashi sosai, fuskarta ja-ja. An ce ungulu ba ta jewar banza, amma yanzu ganin jewar ma ya yi wuya. Tun 2015 aka sa irin tamu ta gida cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da farautarta don haɗa magani.

In an ce tsuntsu ya shiga

Tambayi abu uku: girmansa, launin bakinsa, da yawansu. Gajeren baki mai kauri na mai fasa ƙwaya ne. Dogo ko siririn baki galibi na mai cin ƙwari ne. Lokacin haɗari shi ne sanda ƙwaya ke da ruwa-ruwa ba ta bushe ba, musamman da sassafe da kuma la'asar. A nan ne kuɗin mai korar tsuntsu da gwangwani da majajjawa ke biyan kansa. Shuka lokaci guda da maƙwabta ma na rage asara, domin gonar da ta nuna ita kaɗai ita tsuntsu ke taruwa a kai.

Abin da za a kiyaye shi ne zuba guba a hatsi ko a bakin ruwa. Ba ta zaɓe. Za ta kashe balbela da ungulu, ta kashe kajin gida, kuma fakarar da ta ci ta na iya ƙarewa a tukunyar wani. Allah Ya ba mu damina mai albarka.