Daga Farin Faifai Zuwa Kyamarar Wayarka: Tarihin Auna Haske a Cikin Teku

Yau ba saitin waya za mu yi ba, ɗan tarihi ne, amma ka bi ni har ƙarshe, zai dawo kan wayar da ke hannunka.

In ka kalli hoton teku za ka ga wani wuri shuɗi, wani kore, wani kamar ruwan kunu. Dalili kuwa, abu biyu ke samun hasken rana idan ya shiga ruwa: ruwan ya shanye wani, ya warwatsa wani. Jan haske ne ke fara ɓacewa tun a mitocin farko, shuɗi kuma ya fi nutsawa ƙasa. Ƙananan tsirran teku da ido ba ya gani suna shan shuɗin, sai ruwa ya koma kore. Tsirran nan su ne tushen abincin kifi, ka ga ke nan launin ruwa na iya nuna inda kifi zai samu abinci.

A 1865 wani masanin taurari ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya riƙa zura farin faifai da igiya cikin tekun Bahar Rum har ya daina ganinsa, sai ya auna tsawon igiyar. Shi ke nan fa! Har gobe ana amfani da faifan, da sunansa ma ake kiransa.

A 1921 C. V. Raman ɗan Indiya, yana cikin jirgin ruwa a hanyar komawa gida daga Ingila, ya gwada maganar da ake yi cewa shuɗin teku hoton sama ne kawai. Ya tace hasken sama da 'yar na'urarsa, ya ga shuɗin yana nan daram. Ashe ruwan ne da kansa ke warwatsa hasken.

A 1978 hukumar NASA ta Amurka ta harba tauraron Nimbus-7 ɗauke da na'urar CZCS mai duba launin teku. To, a nan gizo ke saƙa: kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da tauraro ke gani daga iska yake fitowa, ba daga ruwa ba. Dole a sa lissafin kwamfuta ya cire na iskar. Ƙurar Sahara, irin wadda muke sha da hunturu, idan ta bi ta kan tekun Atlantika takan rikita lissafin. Shi ya sa har yau ake auna hasken a cikin ruwan kansa, kamar yadda na'urar MOBY ke yi kusa da Hawaii, don a gyara abin da tauraro ya kawo. Gani ya kori ji.

Ina wayarka ta shigo? Akwai manhajar HydroColor, wadda masana a Jami'ar Maine suka ƙirƙira. Hoto uku za ka ɗauka: kati mai ruwan toka na masu ɗaukar hoto, sama, sai ruwa. Daga nan ta ƙiyasta maka yawan laka da dagulewar ruwan. Tana aiki a tafki da dam ma, in dai ba a hango ƙasan ruwan. Amma kar ka ɗauka ta ce ruwan ya yi kyau a sha, wannan aikin ɗakin gwaji ne.

In ka gwada, faɗa mana abin da ka samu. Sai mun haɗu a darasi na gaba.