Gawo

Gawo: suna, namiji. Babban itace ne mai ƙaya da ake samu a gonakin ƙasar Hausa, wanda Allah cikin hikimarsa ya saɓa ɗabi'arsa da ta sauran itatuwa, domin yakan kaɗe ganye da damina, ya yi toho da rani, saboda saiwarsa tana nutsawa har ta cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ganyen da ya zuba, in ruwan sama ya ruɓar da shi, sai ya gauraya da kashin dabbobin da suka sha inuwarsa suna cin 'ya'yansa, ƙasa ta yi albarka, geron da ke gindinsa ya samu taki da hasken rana gaba ɗaya. Sarakunan Damagaram na dā sun haramta sare shi.